Yaran Zango da gasar doki mai hawa uku: ta ina za a fara?

Ɗan_Nima:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku. Ƙanena ɗan shekara 13 ne. Da an tashi makaranta ba ya tsayawa ko'ina sai bakin teku a Labadi, nan Ankara babban birnin Ghana, wajen masu dawakin haya. Ba kuɗi yake nema ba, shi dai a bar shi ya riƙe ragama, ya wanke doki, in an ga dama a ɗora shi ya yi zagaye ɗaya. Lokacin Olamfik na Faris a 2024 muka kalli wata gasa tare a waya, wadda Turawa ke kira ibentin. Doki ɗaya, mahayi ɗaya, hawa uku: na farko doki ya nuna ladabi a cikin fili, na biyu a keta daji ana tsallake kututture da rami da ruwa, na uku a tsallake sanduna. Tun daga ranar yaron nan bai daina maganarta ba.

Na ji an ce a ƙasashen da suka yi nisa, tun yara suna ƙanana ake sa su a wani tsari, ana ɗaga su mataki mataki. To mu nan Ankara muna da dawaki, muna da yara marasa tsoro, muna da dattawan da suka san doki ciki da waje. Me zai hana mu haɗa ɗan ƙaramin shiri na koyar da yaran Zango wannan hawan? Wanda ya san wani abu don Allah ya sa baki.

Abu_Asawase:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wannan wasan 'ya'yan sarakuna ne. Gimbiya Anne ta Ingila ce ta ci kofin Turai a 1971, 'yarta Zara ta ci na duniya a 2006. Mu da filin ƙwallo ma sai an yi rigima kafin yara su samu wurin bugawa? Ka saya wa yaron takalmin ƙwallo kawai.

Zainab_Hambog:
Yaya Abu, gaskiya ne a can sama kuɗi ake zubawa, amma ƙasan ba haka yake ba. 'Yata shekara huɗu ke nan tana zuwa wata makarantar hawa a nan Jamus, kuma ba mu da doki, ba mu da ko jaki. Na makarantar take hawa.

Bari in ɗan fayyace wa waɗanda ba su taɓa gani ba. Asalin wasan na sojan doki ne. An fara shi a Olamfik a 1912, kuma a lokacin hafsoshin soja kaɗai ake bari su shiga. Gwaji ne na dokin yaƙi: yana jin magana a fareti? Zai iya keta daji da gudu ba tare da tsoro ba? Bayan wannan wahalar, washegari yana da sauran ƙarfi da natsuwar tsallake sanda bai taɓa ta ba? Makin laifi ake tarawa, mai ƙarancin maki shi ne ya ci. A keta-daji in doki ya turje a gaban shinge, maki 20 ne. Kowace daƙiƙa da ka wuce lokacin da aka yanka, 0.4. A tsallaken sanduna in ka kayar da sanda, maki 4. In mahayi ya faɗo, an fitar da shi ke nan.

Maganar yara kuwa, hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta raba su gida-gida. Masu hawan ƙuru daga shekara 12 zuwa 16, kuma ƙuru a wajensu shi ne wanda bai wuce santimita 148 ba a doron kafaɗa. Sai 'yan 14 zuwa 18, sai matasa 'yan 16 zuwa 21. Amma tun kafin yaro ya kai nan ya daɗe yana koyo. A Ingila akwai Pony Club tun 1929, suna da jarrabawa hawa-hawa har zuwa ta ƙoli, kuma rabin abin da ake tambaya ba hawa ba ne: yadda ake ciyar da doki, yadda ake share kofato, yadda za ka gane ba shi da lafiya. Gasar masu farawa a can shingen santimita 80 ne. Wannan ai tsayin teburin mai shayi ne, ba katangar Olamfik ba.

Baba_Shamaki:
Ɗana Ɗan_Nima, Allah ya yi maka albarka da ka damu da ƙaninka. Ni shekara 31 na yi a barga, mafi yawa wajen dawakin folo, kaɗan wajen wani Bature mai koyar da tsalle. Don haka bari in faɗa muku inda gizo yake saƙa, ba kuɗi ba ne na farko. Baki ne. Bakin doki.

Linzaminmu na gargajiya yana da harshe mai shiga ganɗa da zobe mai kama haɓa. An ƙera shi ne don doki ya tsaya cak daga cikin sukuwa, ya zame a gaban sarki. Don wannan aikin ba shi da na biyu. Amma dokin da ya tashi da shi yana tsoron hannun mahayi. Da ka taɓa linzami sai ya ɗaga kai sama, ya lanƙwasa baya. Shi kuwa tsalle, doki sai ya miƙa wuya gaba, ya sunkuyar da kai ya dubi abin da zai tsallake, bayansa ya yi baka. Dokin da kansa ke sama bai ga kututturen ba, balle ya auna shi. Su masu wannan wasa suna fara matashin doki da linzami mai laushi, ƙarfe ne kawai mai gaɓa a tsakiya, kuma mahayi yana riƙe da shi kullum a hankali, kamar kana riƙe da hannun yaro za ku tsallaka titi.

Sirdi ma haka. Namu yana da kwacciya gaba da baya, ka zauna ciki kamar kujera. Na tsalle shimfiɗaɗɗe ne, likkafa a gajarce, don ka ɗaga jikinka daga bayan doki lokacin da ya tashi sama. Yaron da ya saba da namu, ranar farko a kan wancan ji zai yi kamar an ɗora shi a kan sabulu.

Na ga yaran bakin teku. Wallahi suna da zuciya, suna da zama. Abin da ba su da shi hannu ne, don ba wanda ya taɓa ce musu hannu abu ne da ake koya.

Kawu_Tamale:
Baba Shamaki, ina girmama ka, amma kada a raina namu. Ku zo bikin Damba a Tamale ko Yendi ku ga doki yana rawa da kiɗan kalangu, yana ɗaga ƙafa daidai da bugun ganga. Wannan ladabin cikin fili da Hajiya Zainab take faɗa, me ya fi shi? Kakanninmu sun hore doki tun kafin a san da FEI.

Baba_Shamaki:
Alhaji, ban raina ba, ni ma a cikinsa aka haife ni. Mahaifina da dawaki ya zo ƙasar nan. Horo ne na gaske, kuma wanda ya iya sa doki rawa ya san doki. Abin da na ce shi ne aikin daban, kayan daban. Ba ka huɗa da lauje. In ana so a yi wannan, sai a samu dukushin da ba a taɓa sa wa babban linzami ba, ko a yi haƙurin wata shida ana gyara bakin babba. Wasu suna gyaruwa, wasu har abada.

Kuma tunda an taɓo, a daina hawan dukushi ɗan shekara biyu. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida. Mu mukan karya su tun ba su fara ba.

Hajiya_Mamobi:
Ni uwa ce, abin da ya fi damuna ba baki ba ne ba sirdi ba. Ɗan ƙanwata ya faɗo daga doki a bakin teku shekara uku da suka wuce, kansa ya bugi dutse. Kwana tara muna asibiti. Allah ya tashe shi, amma har yau in rana ta yi zafi sai ciwon kai. Ba hular kwano, ba babba a wajen, yara ne suka ɗauko shi a kafaɗa. Yanzu kuma a ce a ƙara musu da tsallake rami? Ku yi mini bayani yadda zan fahimta.

Zainab_Hambog:
Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, a cikin wasannin dawaki wannan yana cikin mafiya haɗari. Shingen keta-daji a kafe yake, ba kamar sanda ba da ke faɗuwa in an taɓa. In doki ya bugi shingen da ƙirji ko saman ƙafafun gaba yana cikin gudu, yakan wuntsila ya danne mahayi. A 1999 mahaya biyar suka rasu a Ingila a shekara guda. Abin ya girgiza su, aka kafa kwamitin bincike, daga baya aka fito da wani ƙarfen riƙe gungume wanda ke karyewa in an buge shi da ƙarfi, sai gungumen ya sauka ƙasa maimakon doki ya juya. Yau hular kwano dole ce, rigar kare ƙirji da baya dole ce a keta-daji, kuma ba a barin kowa ya hau mataki na gaba sai ya nuna sakamako mai kyau a na ƙasa.

Amma ki duba, Hajiya: abin da ya sami ɗan ƙanwarki ya same shi ne a inda babu tsari. Yaran nan ko mun so ko mun ƙi suna hawa. 'Yata ta yi kusan shekara ana riƙe da dokinta da doguwar igiya yana zagaye, ana koya mata zama ba tare da ta riƙe linzami ba, kafin ta tsallake ko sanda a kwance a ƙasa. Manyan can da kuke gani suna gudun mita 570 a minti suna tsallake shingen mita 1.20, wannan aikin shekara goma ne ko fiye.

Likitan_Dabbobi_Aboabo:
Ina bin maganar tun safe, bari in sako tawa ta ɓangaren dokin kansa.

Mu nan Kumasi ƙasar kurmi ce, ƙasar ƙudan tsando. Shi ya sa tun zamanin da dawaki ba su yi zama a Asante ba sai a arewa. Tsando yana sa sammore: doki ya yi ta ramewa, jini ya ƙare, ƙafafu su kumbura. Filayen Ankara ta wajen Dodowa, Afienya da Shai sun fi sauƙi, ciyawa ce da sarari, kuma ƙasar ta dace da keta-daji. In za a yi, can za a duba, ba nan ba.

Sai annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa. Tana cika huhu da ruwa, kuma dokin da aka kawo daga Turai ba rigakafi kusan ba ya tsira. Saboda ita ne ƙasashen waje suke tsaurara shigo da doki daga nahiyarmu, sai da doguwar keɓewa mai tsada. Ma'ana, ko mun hore doki ya zama gwani, fita da shi gasa waje babban aiki ne. Mahayi zai iya tafiya, doki da wuya. A riƙe wannan.

Na uku zafi da gumi. Doki yana shan ruwa lita 25 zuwa 50 a rana, a yanayinmu in yana aiki ya fi haka. Kuma a bar camfin nan na cewa in ka zuba wa doki mai zafi ruwan sanyi zai sandare. Kafin Olamfik na Atlanta a 1996 an yi bincike sosai a kan wannan, aka tabbatar ruwan sanyi da yawa, a yi ta zubawa, shi ne ke sauke zafin jiki da sauri. Horo kuma da sassafe ko bayan la'asar.

Abin da ya fi kawo mini dawakin bakin teku da na cikin gari shi ne ciwon ciki: sun ci yashi tare da dusa, ko sun haɗiye leda. Sai gyambon baya daga sirdin da bai dace ba. Duk shirin da bai fara da waɗannan ba, sunansa wahalar da dabba.

Abu_Asawase:
To kun ji dai. Ga tsando, ga annoba, ga zafi. Kuma Likita, kai ɗan Kumasi ne, ka san wurin da har yau ake kira filin sukuwa kusa da kasuwar Kejetia. Me ake yi a can yanzu? Kasuwa. Ƙasar da ta mai da filin doki wurin sayar da tumatir ita ce za ta gina keta-daji?

Tsohon_Joki:
Abu ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Tsohon filin sukuwa na Ankara, inda otal ɗin Kempinski yake tsaye yau, a nan na yi ƙuruciyata. Ranar Asabar gari kan kwashe ya tafi can. Yawancin masu kula da dawakin da mahayan duk yaran Zango ne, da Hausa ake magana a barga. A nan na koyi hawa da gajeren likkafa, wani dattijo ya koya mini da sanda a hannunsa, Allah ya jiƙansa. Da filin ya tafi, sana'ar ta watse. Wasu suka koma folo, wasu bakin teku, wasu tuƙin tasi. In na wuce wajen har yau ba na iya kallon ginin sosai.

Ina so in ce ilimin bai mutu ba, yana nan a ƙirjin mutane irin su Baba Shamaki. Amma mun tsufa. In ba a karɓa yanzu ba, za a binne shi da mu.

Kawu_Tamale:
Allah ya ja kwana, Baba Joki. Wannan magana ta taɓa ni.

Mai_Kili:
Salam iyayena da yayyena. Ni ina cikin yaran da ake magana a kansu, shekarata 19, shekara bakwai ina aiki da doki a bakin teku. Dokin ba nawa ba ne, kullum da yamma akwai abin da zan kai wa mai shi, saura in sayi dusa da harawa, in wani abu ya rage shi ne nawa. Ba wai ba ma son dokinmu ba ne. Ranar da kilina ya yi ciwon ciki a bargar na kwana ina zagayawa da shi. Amma ba wanda ya taɓa nuna mana komai. Maganar hannu da Baba ya yi, yau na fara jin ta. Mu abin da muka sani, in ya ƙi a ja, in ya ƙara ƙi a buga.

Mun taɓa jera tayoyi a yashi muna tsallakewa. Nawa yana tsallake biyu a ɗore. In da mai koyarwa, ni na farko zan zo, ko da shara za a fara sa ni.

Baba_Shamaki:
Ɗana, da sharar za a fara kuwa. Kuma ka daina tsalle a busasshen yashi mai zurfi, yana cin jijiyar ƙafa. In dole ne, ka bi inda ruwa ya janye, yashin ya daskare.

Ticha_Madina:
Ina so in mai da mu kan maganar Abu ta farko, cewa abin na masu kuɗi ne. A Landan, unguwar Brixton, wadda ba ta masu hali ba ce, akwai Ebony Horse Club tun 1996, barga ce a tsakiyar gidajen talakawa. A Filadelfiya ta Amurka akwai Work to Ride tun 1994: yaro ya yi aikin barga, ya riƙe karatunsa, a koya masa hawa kyauta. Yaransu ne suka ci kofin folo na makarantun sakandare na ƙasar a 2011. Dukansu ba da burin lambar zinare aka kafa su ba, an kafa su ne don yaro ya sami wurin zuwa da abin da zai kula da shi.

Ni sharaɗina ɗaya: ba makaranta, ba doki. Ina da ɗalibai biyu da bakin teku ya cinye, sun bar aji tun kafin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. In shirin zai ƙara janye yara daga aji, ba na ciki. In kuwa za a ce sai ka nuna takardar halartar makaranta kafin ka taɓa sirdi, to doki zai yi mana aikin da bulala ta kasa.

Ummi_Sabon_Zango:
Tun ɗazu ana ta yaro, yaro, ƙanena, ɗana. Mu mata fa? Ni tun ina ƙarama in dawakin sallah suka zo wucewa har kuka nake a ɗora ni, a ce mace ba ta hawa.

Malam_Fadama:
Bismillah. Hawan doki abin yabo ne a addini, kuma sanannen zance ne da ake dangantawa ga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawa. Wani abin da ya burge ni a bayanin Malama Zainab shi ne maganar mataki mataki. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tsere a Madina, ya ba dawakin da aka hore nisa mai tsawo, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hore ba kuma ya ba su gajere. Ba a ɗora wa dabba abin da ba a shirya ta ba. Abin da zan ja kunne a kai biyu ne: kada caca ta shigo, kuma kada a cuci dabba.

'Yata Ummi, matan sahabbai sun hau dabbobi. Abin lura shi ne sutura da kuma wanda zai koyar. In an kiyaye waɗannan, a zauna da iyaye a yi magana.

Abu_Asawase:
Malam, ka ga kayan da suke sawa kuwa? Wandon nan matsattse? Wane uba ne a Zango zai yarda?

Zainab_Hambog:
Yaya Abu, wandon an yi shi haka ne don kada yadi ya naɗe ya goge cinya ko ya maƙale a sirdi. 'Yata tana sa doguwar riga a kai har gwiwa, hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hular kwano, ba wanda ya taɓa hana ta. Khadijah Mellah da ta ci tsere a Goodwood ta Ingila a 2019 da hijabinta, a wannan bargar ta Brixton da Ticha ya ambata ta koyi hawa. Dalma Malhas ta Saudiyya ta ci tagulla a tsalle a Olamfik na matasa a Singafo, 2010. A Faris ɗin da Ɗan_Nima ya kalla, Noor Slaoui ta Moroko ta shiga wannan gasa mai hawa uku. Kuma wasan dawaki ne maza da mata ke karawa a gasa guda: mace ta fara shiga ibentin na Olamfik a 1964, Julia Krajewski ta Jamus kuma ta ci zinare a Tokyo. Doki bai san ƙarfin damtse ba, natsuwa yake ji. A makarantar 'yata ma mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba.

Ummi, ban san shekarunki ba, amma ba a makara da hawa.

Ɗan_Nima:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Ga abin da na tsinta, a gyara mini. Ba maganar Olamfik yanzu. A sami yara kamar takwas, dawaki biyu ko uku masu sanyin hali, hulunan kwano, da babba mai koyarwa. Fili kuma Hajiya Zainab, nawa ake bukata?

Zainab_Hambog:
Ƙaramin filin ladabi mita 20 ne a faɗi, 40 a tsawo. Babba 20 da 60. Da igiya da gwangwanaye ma ana shata shi. Huluna zan nema wajen iyayen da yaransu suka girma, amma wadda aka taɓa faɗuwa da ita ba a sake sawa, ko da ba a ga tsagewa ba.

Baba_Shamaki:
In ni za a ba su, ga yadda zan yi. Wata biyu na farko ba mai hawa. Shara, wanki, ɗaga ƙafa a share kofato, sa ragama, jan doki a ƙasa ya tsaya in ka tsaya ya tafi in ka tafi. A nan ake gane wanda doki yake so da wanda hoto yake so, rabi za su gudu da kansu. Sannan igiya da zagaye, hannu a ƙugu, har sai yaro ya iya sassarfa bai kama komai ba. Sannan in ba shi linzami. Sanda a ƙasa sai bayan wata shida. Kututture na farko kada ya wuce gwiwata, kuma sai na tabbata yaro yana iya tsayar da doki a fili buɗaɗɗe ba tare da fizga ba. Wanda ya hau ba hula, ko ɗan wane ne, ya tafi gida mako biyu.

Mai_Kili da ire-irensa su nake so su fara, don su ne za su koya wa na baya. Ni ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu.

Likitan_Dabbobi_Aboabo:
Ƙari a kan abin da na faɗa na wahalar fitar da doki. Akwai hanyoyin da aka buɗe saboda ƙasashe irin namu. FEI tana da gasar da mahayi ke yi a ƙasarsu, a kan tsari ɗaya da sauran ƙasashe, a kwatanta maki, ba sai doki ya hau jirgi ba. Tana da shirin tallafi na horar da masu koyarwa da masu kula da barga, amma ta hannun ƙungiyar ƙasa yake bi, ba a ba unguwa kai tsaye. A Olamfik na matasa kuma dawakin aro ake hawa, da ƙuri'a ake raba su, sai dai tsallaken sanduna ne kawai. An ba Dakar ta Senegal karɓar na 2026. Wannan ya nuna yaron da ya iya hawan kowane doki ya fi yaron da ya iya nasa kaɗai, kuma a nan yaranmu ba baya ba ne, don kullum a kan dokin wani suke.

In an fara, rigakafi da maganin tsutsa na dawakin farko ni zan ɗauka. Sau ɗaya a wata ina saukowa Ankara.

Abu_Asawase:
Ban ce kada a yi ba, Allah ya sani. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: wa zai ciyar da dawakin? Doki ba ya hutun ci. In rani ya yi harawa ta yi tsada, sai an kawo daga arewa, a lokacin ake sanin masu zumuɗi da masu gaskiya. Na ga ƙungiyoyi nawa a Zango da suka fara da taro da hoto, wata huɗu ba labari. Ƙwallo in an watse ajiye ta ake a ɗaki. Doki in an watse yunwa ce za ta kashe shi a turke. Kafin a ɗaure ko ɗaya, a nuna mini mutum biyar da za su sa hannu kan abincin shekara guda. In an samu huɗu, ni ne na biyar.

Ticha_Madina:
Wannan magana ce. Ana iya rubuta wa Asusun Raya Zango na gwamnati, amma kada a jira shi kafin a motsa. Kuma ba dole a sayi doki ba da farko. A yi magana da masu dawakin sallah da ke ɗaure shekara guda ba aiki sai kilisa.

Kawu_Tamale:
Ticha, mai dokin sallah ba zai yarda a canza wa dokinsa linzami ba, na san mutanena. Sai dai dukushi. Akwai wani aminina a hanyar Yendi mai goɗiyoyi, zan tambaye shi.

Hajiya_Mamobi:
Na karanta duka. Hankalina bai gama kwanciya ba, amma na ji dama-dama. In za a yi, ina so a san asibiti mafi kusa da filin, a sami mota a tsaye duk ranar hawa, kuma kowane uba ko uwa su zo da ƙafarsu su gani kafin su ba da ɗa. Dodowa kuma da nisa daga Mamobi. Wa zai kai su, wa zai dawo da su kafin magariba?

Mai_Kili:
Baba Shamaki, wace rana za a riƙa yi? Asabar da Lahadi su ne ranakun da muke samun baƙi a bakin teku, in na bar wajen ba abin da zan kai wa mai doki. Ƙananan kuma ranakun ne kaɗai ba su da boko, kuma da safe suna makarantar allo. In Talata ce ko Laraba da asuba ni zan iya, amma su ƙanin Yaya Ɗan_Nima fa?